Kura da Shan Bugu: Tarihin Ladan Lebura a Ramukan Ma'adinai da Yadda Ya Shafi Kasuwarmu

Da sunan Allah Mai rahama Mai jin ƙai.

Iyayena Alhazai da Hajiyoyi, da yayyena da ƙannena na Adjamé da Treichville, da waɗanda wannan mujalla za ta tarar a kan hanya ko a bakin iyaka suna jiran duwan. Barkanmu da sake ganin ranar da aka kafa ƙungiyarmu. Allah Ya jiƙan waɗanda suka aza harsashinta, Ya ƙara wa shugabanninmu lafiya da haƙuri da mu.

Da aka ce in rubuta wani abu na tarihi don wannan fitowa, niyyata ta farko in kawo labarin goro da shanu da atamfa kamar yadda aka saba. Wata magana da aka kawo ofis ita ta canza mini hanya. Wani ɗan ƙungiya ne ya shigo da littafin bashinsa. Ya ba wani mai ramin zinariya a arewacin ƙasar nan kaya: shinkafa, man girki, cocila da batir, igiya, da buhunan zuba ƙasa, bisa alkawarin za a biya in an wanke. Kafin a wanke hukuma ta rufe wurin. Mai rami ya ɓace, yaran da ke haƙa suka watse ba ko dala a aljihu. Biyu daga cikinsu 'yan wajenmu ne, mu muka haɗa musu kuɗin motar komawa gida. Da aka gama zaman, wani dattijo a cikin iyayenmu ya dube ni ya ce: "Kai da ka yi boko, gaya mini. Zinariya tana wannan tsada, me ya sa mai haƙo ta ba ya da kuɗin mota?"

Ban ba shi amsa a ranar ba. Ga abin da na iya tattarowa.

Lada daban, tsadar lebura daban

Kafin mu shiga tarihi, akwai abu uku da mutane ke haɗawa alhali kowanne da lissafinsa. Na farko shi ne kuɗin da lebura ke karɓa a hannu. Na biyu shi ne abin da leburan ke ci wa mai aiki gaba ɗaya, wato ladan nan haɗe da abinci, masauki, magani, kuɗin fansho, da diyya idan ya ji rauni ko ya mutu. Na uku shi ne nawa aka kashe wa leburori kafin a fitar da tan ɗaya na dutse ko giram ɗaya na zinariya. A ƙasar Ostireliya ma'aikacin ma'adinai yana cikin masu albashi mafi tsoka a duniya, amma mutum ɗaya yana tuƙa motar da ke ɗaukar tan 200 ko fiye a sawu guda. Don haka albashinsa mai yawa bai hana ƙarfensa araha ba. A wajenmu kuwa mutum yana yini da diga da shebur, ladan kaɗan, abin da ya fitar ma kaɗan.

Sannan a riƙe wannan: farashin zinariya da kuza da yuraniyom a kasuwar duniya ake yanka shi, abin da aka faɗa a Landan shi za a ji a Dubai. Ladan lebura kuwa a ƙauye ake yanka shi, gwargwadon yunwar da ta fito da shi daga gida. Duk tarihin da zan kawo yana yawo ne tsakanin waɗannan farashi biyu.

Kuzar Jos da diban gwamna

Hausawa ba baƙin ma'adinai ba ne. Tun kafin Turawa ayari ke kawo gishirin Bilma da kanwa, kuma mutanen Riruwai a ƙasar Kano da na Liruwen Dalma a ƙasar Bauchi suna narka kuza su mai da ita sirara kamar tsinke, fatake su kai kasuwa. Waɗannan tsinkayen ne suka ja hankalin Turawan Ingila, suka bi sawunsu har tsaunukan Jos a farkon shekarun 1900. Cikin shekaru kaɗan kamfanoni suka mamaye filayen, sana'ar maƙeran gida ta mutu. A 1914 aka gama ɗan ƙaramin layin dogo daga Zariya zuwa Jos da Bukuru don kwasar kuza.

Kamfanonin nan ba su zo da injuna masu yawa ba da farko. Jarinsu shi ne kan mutum da kwanon sarki. To me zai sa manomi ya bar gonarsa ya tafi ɗaukar laka cikin sanyin Jos? Haraji. Bature ya ce a biya shi da tsabar kuɗinsa, sule da sisi da kwabo, kuma wurin samun tsabar shi ne bariki. Sai 'yan cin rani suka riƙa gangarowa daga Kano, Katsina, Sakkwato, Zariya, Barno, har da ƙasar Faransa, su yi makonni su haɗa kuɗin haraji da na riga su koma kafin damina. Kamfani yana biyan ladan kwanakin da mutum ya yi masa kawai. Renonsa tun yana yaro, jinyarsa in ya koma da ciwo, abincin matarsa da 'ya'yansa, da tsufansa, duk ƙauye ne ke ɗauka. Sirrin arahar ke nan.

Akwai kuma wani tsari da kamfanonin suka so ƙwarai: a bar mutum ya haƙa da kansa, ya kawo kuzar a auna a biya shi gwargwadon nauyinta. In ya samu, kamfani ya saya a farashin da ya ga dama. In bai samu ba, asararsa. Ku riƙe wannan tsari, za mu sake haɗuwa da shi a dajin Kodebuwa.

A 1931, da kasuwar duniya ta faɗi, manyan ƙasashen kuza, wato Malaya da Bolibiya da Najeriya da tsibiran da Holan ke mulka waɗanda su ne Indunusiya ta yau, suka yi yarjejeniyar rage haƙa don farashi ya tashi. Masu hannun jari a Landan suka tsira. A Jos aka sallami leburori da yawa, waɗanda suka rage aka zaftare musu lada.

Sai yaƙin duniya na biyu. A farkon 1942 Japan ta ƙwace Malaya, Ingila ta rasa babbar rijiyar kuzarta, ta juyo kan Jos. Maimakon a ƙara lada har mutane su zo da ƙafarsu, sai aka ɗora wa sarakuna da hakimai adadin mutanen da kowace ƙasa za ta kawo. Wannan shi ne abin da iyayenmu suka kira diban gwamna, daga 1942 zuwa 1944, kuma dubun-dubatar talakawa ne suka bi ta cikinsa. Abinci bai isa ba, masauki ba kirki, mutanen da suka saba da zafin arewa aka jefa su cikin hazo da ruwan sanyi. Mutane da yawa sun mutu, musamman a aikin madatsar ruwa ta Tenti, wasu da yawa suka gudu. Kakana na wajen uwa, mutumin ƙasar Katsina, yana cikin waɗanda aka ɗiba. Mahaifiyata ta ce abu biyu ya dawo da su, bargo da tari, kuma bargon ne ya riga ƙarewa.

Duk da haka a gefen waɗannan ramuka ne garuruwa irin su Jos da Bukuru da Barikin Ladi suka cika da Hausawa: masu kawo hatsi, mahauta, teloli, masu tuwo, dillalai. Ranar biya ita ce ranar kasuwa. In lada ya yi kyau kasuwa ta ci, in an rage kowa ya ji a jikinsa. Da farashin kuza ya rushe a watan Oktoba na 1985, abin da ya rage wa Filato shi ne kududdufai masu cin yara da dabbobi.

A kudancin Najeriya ma maganar lada ta zubar da jini. Ranar 18 ga Nuwamba 1949 'yan sandan mulkin mallaka suka harbe masu haƙar kwal 21 a Iva Valley da ke Inugu, a kan rikicin bashin albashi da suke bi.

Ƙafa ta fi baki iya zaɓe

Yanzu mu matso kusa da gida. A Gwalkwas, wato Gana ta yau, an kafa kamfanin Ashanti Goldfields a 1897 a Obuasi, layin dogo daga Sakandi ya isa Tarkwa a 1901, ya isa Kumasi a 1903. Mutanen kudu da ke da gonar koko ba su cika son shiga ƙarƙashin ƙasa ba, don haka yawancin masu aikin cikin rami 'yan arewa ne da baƙi daga ƙasashen Faransa: Mosi, Zabarmawa, Hausawa da sauransu. Hanyar ba sabuwa ba ce gare mu, ita ce tsohuwar hanyar Gwanja da kakanninmu suka bi neman goro. Zango-zangon Kumasi da Obuasi da Tarkwa suka ƙara cika.

Me ya sa mutum zai taso daga Dosso ko Tawa ko Wagadugu, ya tsallake ƙasar Faransa, ya tafi ƙasar Ingilishi? Saboda a can ana biyansa, kuɗin yana da daraja, kaya suna da araha a kanti. A nan kuwa akwai aikin dole. Kwamanda zai aiko a ɗebi mutane a kai su aikin hanya, ko yankan katako, ko gonar Bature, a kan ladan da bai taka kara ya karya ba. Da aikin dole aka shimfiɗa yawancin layin dogon da aka fara daga Abijan a 1904, ya isa Buwake a 1912, Bobo a 1934, Wagadugu a 1954. Sunansa Abijan-Nijar, amma har yau bai taka ƙasar Nijar ba.

Faransawa sun ga hannayen da suke buƙata suna zubewa Gwalkwas. Maimakon su ƙara lada, sai a 1932 suka rushe ƙasar Haute-Volta, wato Burkina Faso ta yau, suka haɗe babban ɓangarenta da Kodebuwa don ɗibar leburori ta yi sauƙi. Ba a mayar da ita ba sai 1947. Ku duba wannan da kyau, 'yan'uwa: an share ƙasa guda daga taswira tsawon shekara 15, kuma babban dalili shi ne kada lebura ya yi tsada.

Aikin dole ya ƙare ne da dokar 11 ga Afrilu 1946, wadda ke ɗauke da sunan Houphouët-Boigny, shi ne ya kai ta majalisar Faransa. A watan Disamba na 1952 aka yi dokar ƙwadago ta ƙasashen da Faransa ke mulka, wadda ta kawo awa 40 a mako da mafi ƙarancin albashi, bayan yajin aiki da matsin lambar ƙungiyoyin ma'aikata. Da tilas ta kau, sai masu gonaki da kamfanoni suka kafa SIAMO a farkon shekarun 1950, suna ɗauko leburori daga arewa a kai su kudu kyauta. Wato da aka hana su bulala, sai suka koma biyan kuɗin jirgi.

A daidai wannan lokaci aka fasa mashigin Vridi a 1950, aka buɗe tashar jiragen ruwa a 1951, aka gina gadar Houphouët-Boigny a 1957. Abijan a kan yashi take zaune, dutsen gini daga arewa da birni ake fasa shi a kawo. Duk wani katon dutse da ke tare igiyar teku a bakin Vridi, da tsakuwar da ke cikin benayen Plateau, akwai gumin wani lebura a jikinsu. Treichville ita ce masaukin waɗannan mutane, Adjamé kuma tasharsu. Wanda ke son ganin rayuwarsu ya nemi fim ɗin Jean Rouch na 1958 mai suna Moi, un Noir, wanda aka ɗauka a Treichville. Jarumin fim ɗin, Umaru Ganda, ɗan Nijar ne mai aikin dako na yini-yini a bakin tashar jirgi, kafin ya zama babban mai shirya fim. Iyayenmu da suka fara kasa kaya a unguwannin nan, irin waɗannan leburori ne abokan cinikinsu na farko.

A can Gwalkwas ma ma'aikatan ma'adinai ba su yi shiru ba. Daga Nuwamba 1955 zuwa Fabrairu 1956 sun yi yajin aiki na kusan kwana 100 a kan lada.

Darasin Afirka ta Kudu

Ba a maganar ladan ma'adinai a tsallake Afirka ta Kudu, domin a can aka mai da arahar lebura ilimi. An gano zinariyar Johannasbag a 1886. Tana da yawa amma tana da zurfi, kuma daga 1934 har zuwa wajen 1971 farashinta a ɗaure yake a kan dalar Amurka 35 kowace oza. Tunda ba su iya ƙara farashi, sai kamfanoni suka haɗa kai suka danne lada. Suka daina gasa da juna wajen ɗaukar ma'aikata, suka kafa ofisoshin haɗin gwiwa masu ɗebo mutane daga Mozambik da Malawi da Lesoto, a zuba su a bariki ba mata ba 'ya'ya, in kwantiragi ya ƙare a mayar da su. Sakamakon haka, abin da ladan baƙin lebura ke iya saya a 1969 bai fi na 1911 ba, kuma a ƙarshen wannan zamani Bature ɗaya a wurin yana ɗaukar kusan albashin baƙaƙe 20.

Ladan bai motsa sosai ba sai a shekarun 1970, da aka saki farashin zinariya, Malawi kuma ta hana ɗibar mutanenta a 1974. Da hannu ya yi ƙaranci, nan da nan aka samo kuɗin da a da ake cewa babu. Rikicin bai ƙare ba: ranar 16 ga Agusta 2012 'yan sanda suka harbe ma'aikata 34 a Marikana suna neman ƙarin albashi. A 2019 kuma kotu ta amince da yarjejeniyar da manyan kamfanonin zinariya za su biya rand biliyan 5 ga tsofaffin ma'aikatan da ƙurar dutse da tarin fuka suka cinye musu huhu. Wannan kuɗi ladan da aka ƙi biya ne tun farko. Da yawa daga masu shi sun riga sun kwanta dama a ƙauyukansu.

Daimon, kora, da Arlit

Akwai wata hanyar rage tsadar lebura da ta fi shafar mu baƙi, ita ce kora. A shekarun 1950 aka yi rububin daimon a yankin Kono na Saliyo. A 1956 hukuma ta kori dubun-dubatar baƙi masu haƙa, suka kwarara Gini, daga can wasu suka faɗo Séguéla a nan Kodebuwa, inda nan ma daga baya aka fatattake su don kare filayen kamfanoni. A watan Nuwamba na 1969 gwamnatin Busiya a Gana ta ba baƙi marasa takarda mako biyu su fice. Mutanen da suka tsufa a ramukan Gana da kasuwanninta suka bar gidaje da rumfuna da bashin da suke bi. Wasu daga cikin gidajen Hausawan Abijan daga wannan kora suka samo asali. A 1983 Najeriya ta yi irin tata. Baƙo yana da daɗin sha'ani ga mai aiki: a yi amfani da ƙarfinsa yana saurayi, ranar da lissafi ya canza a nuna masa iyaka.

A Nijar an fara fitar da yuraniyom a Arlit a 1971, aka ƙara da ramin Akuta na kamfanin Cominak a ƙarshen shekarun 1970. Ma'aikacin kamfani a can ya samu abin da sauran 'yan ƙasa ba su samu ba: albashi mai kyau, gida, asibiti, ruwa da wuta. 'Yan kasuwar Maradi da Damagaram da Tawa sun ci arzikin wannan albashi. Amma a gefen ma'aikacin kamfani akwai na ɗan kwangila, suna shaƙar ƙura ɗaya, lada da gata ba ɗaya ba. Da aka rufe Cominak ranar 31 ga Maris 2021, ma'aikatan kamfani kusan 600 sun samu kuɗin sallama, na 'yan kwangila kuwa, su ma ɗaruruwa, sun yi ta kukan an bar su a baya. Wannan rabon gida biyu yanzu shi ne yayi a manyan kamfanonin ma'adinai a ko'ina.

Inda muke yau

Ga mafi ƙarancin albashi na hukuma a wasu ƙasashen da muke zirga-zirga. A Kodebuwa ya daɗe a kan sefa 36,607, aka kai shi 60,000 a 2013, sannan 75,000 daga Janairu 2023. A Burkina Faso 45,000 ne tun 2023. A Nijar ya tashi daga 30,047 zuwa 42,000 a Janairu 2024. A Najeriya an mai da shi naira 70,000 a watan Yuli 2024, wanda a canjin lokacin bai kai sefa 30,000 ba. Wanda ya dubi waɗannan lambobi ba zai yi mamakin inda motocin Adjamé ke cika da inda suke komawa da sauƙi ba. Darajar kuɗi ma tana cikin lissafi. Manya sun tuna 12 ga Janairu 1994, ranar da aka wayi gari sefa ta rasa rabin darajarta: kamfanin da ke sayar da zinariya da dalar Amurka ya ga albashin ma'aikatansa ya ragu da rabi a littafinsa ba tare da ya rage wa kowa ko tamma ba.

Manyan kamfanonin zinariya na ƙasar nan, irin na Ity da Tongon da Bonikro da Agbaou da Yaouré, suna biyan fiye da wancan mafi ƙaranci, da rajistar CNPS da kayan kariya. Sai dai injuna ke yawancin aikin, guraben kaɗan ne, kuma 'yan ƙasa da masu takardar makaranta ake fara dubawa. Yaranmu ba can suke ba. Suna ramukan gargajiya, a dajin Kodebuwa da Mali da Gini da Burkina, ko a hamadar Jado da Cibarkatan tun rububin 2014. A irin waɗannan wurare babu albashi. Mai rami yana ciyar da kai, in an kai ga dutse mai zinariya a raba buhuna, bayan an fitar da kason mai fili da na mai inji da kuɗin abincin da ka ci. Sau da yawa dole ka sayar wa mai sayen da ke wurin a farashin da ya yanka. In rami bai ba da komai ba, wata uku na guminka sun tafi. Tsarin 'yan kuzar Jos ne ya dawo da sabon suna. Tun da zinariya ta haura dala 2,000 a 2020 abin ya ƙara ƙamari. Kuma a sani, dokar ma'adinai ta Kodebuwa ta 2014 ta keɓe izinin haƙar gargajiya ga 'yan ƙasa, don haka yaronmu da ke cikin rami ba shi da inda zai kai ƙara.

Masu fasa dutse su ma a duba su. Zinariya tana tsallake teku a aljihu, tsakuwa kuwa ba ta nisa, kuɗin mota zai fi kuɗinta. Saboda haka ladan mai fasa dutse yana bin kasuwar ginin garinsu ne kawai. A Pissy da ke Wagadugu mata da yara suna ƙona tayoyi don dutse ya tsage, su farfasa da guduma, a biya su kwano-kwano. Zinariya ta tashi ko ta faɗi, ba abin da ya kai gare su.

Sauran kuɗin da ba a rubutawa kuwa jiki ke biya. A 2010 gubar dalma daga dutsen zinariya da ake niƙawa a cikin gidaje ta kashe yara fiye da 400 a yankunan Anka da Bukkuyum na jihar Zamfara. Zaibar da ake kama zinariya da ita tana lalata ƙwaƙwalwa da ƙoda, tana kashe kifin rafi.

Amsar Baba, da abin da ya rage gare mu

To Baba, ga amsar tambayarka gwargwadon fahimtata. Mai haƙa ba ya da kuɗin mota ne domin tun zamanin kuza an tsara aikin yadda farashin duniya zai tsaya a hannun na sama, kasada kuma ta gangaro kan na ƙasa. Da an yi da haraji da bulala, yau talauci da rashin takarda sun wadatar. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi. Abin da aka ƙi biyan lebura kuwa ba ya ɓacewa, wani ne ke biya: uwarsa a ƙauye, huhunsa, asusun taimakon ƙungiya irin tamu, da ɗan kasuwar da ya ba da shinkafa bashi.

Mu ba kamfani ba ne, ba gwamnati ba, amma akwai abin da ke hannunmu. Ina roƙon babban taro ya duba waɗannan:

Na ɗaya, duk wanda zai ba mai rami kaya bashi ya sani ya shiga caca tare da shi. A rubuta, a sa shaidu, a nemi mai tsaya masa a nan gari, kuma kada bashin ya wuce abin da mutum zai iya rasawa ya kwana lafiya.

Na biyu, kada ɗan ƙungiya ya ɗauki zaiba ko sinadarin wanke zinariya ko abin fasa dutse a cikin kayansa, komai ribar. Mota ɗaya da aka kama tana ɓata sunan kowa a bakin iyaka, balle alhakin rayuka.

Na uku, mai masauki da yaro ya sauka wurinsa zai wuce daji, ya kawo shi ofis mu rubuta sunansa da garinsu da lambar wani nasa, mu ga ya yi katin ofishin jakadancin ƙasarsu. Mun sha karɓar labarin rasuwa mu rasa wanda za mu kira. Tun da Nijar da Mali da Burkina suka fice daga CEDEAO a Janairu 2025, maganar takarda ta ƙara nauyi.

Na huɗu, kuma shi ya fi mini wuyar faɗa tunda iyayena nake yi wa magana: mu ma muna da leburori. 'Yan dako, masu tura wotoro a Adjamé, yaran shago, yaran mota. Addininmu ya yi horo da a gaggauta biyan ɗan ƙwadago hakkinsa cikakke. Katin CMU jaka ɗaya ne a wata. Wanda ya yi shekaru yana buɗe maka shago ya cancanci a yanka masa lada sananne, a kuma sallame shi da jari kamar yadda iyayengijinmu suka yi wa na gabanmu. Ba zai yi kyau mu zagi Baturen Jos da safe, mu yi halinsa da yamma ba.

Yaran nan biyu da muka sa a mota, ɗaya ya kira ni bayan salla ya ce ya isa lafiya, ya kuma tambaye ni ko na ji labarin wani sabon rami. Na ce masa ya bari damina ta wuce tukuna, ya zo mu zauna.

Allah Ya sa albarka a nemanmu, Ya tsare matafiyanmu, Ya jiƙan waɗanda ƙasa ta rufe a wurin neman halal. Inda na yi kuskure iyayena su gyara mini. Allah Ya maimaita mana.



Magatakardan ƙungiya,
Adjamé, Abijan